Makaniki Ya Sauya Mini Kayan Sitiyarin Fijo 404, Kuma Ya Riƙe Motar

Tambaya: Barista, na gaji Fijo 404 daga mahaifina. Na kai ta gareji a Kano don a gyara sandar giya da ke jikin sitiyari, da makunnin sigina da na fitila. Makanikin ya cire na asali ya sa na wata mota, yanzu giya ba ta shiga daidai. Na nemi tsofaffin kayan ya ce sun ɓata, kuma ya ce motar ba za ta fita ba sai na cika masa kuɗinsa. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Tun ranar da ka miƙa masa makulli, motar da duk abin da ke jikinta amana ce a hannunsa. Kayan da ya kwance naka ne, ko da sun lalace. Idan ya ce sun ɓata, shi ne zai nuna wa kotu cewa ba sakacinsa ba ne. A kotun Shari'a ma haka abin yake, domin mazhabar Malikiyya tana ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta FCCPA ta 2018 ita ma ta ba ka damar neman ya gyara aikin ko ya mayar maka da wani kaso na kuɗinka.

Sai dai shi ma yana da hujja. Doka ta yarda mai gyara ya riƙe abin da ya gyara har a biya shi ladan aikinsa, amma ba ta ba shi ikon sayarwa ba. Don haka kada ka je da matasa ku janye motar da ƙarfi. Kada kuma ka ruga wurin 'yan sanda: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Idan fa ka samu shaidar cewa sayar da kayan ya yi, to magana ta koma cin amana, laifi ne a ƙarƙashin dokar hukunta masu laifi, wato Penal Code.

Inda shari'arka za ta yi wuya shi ne ƙimar kayan. Alƙali ba zai biya ka kewar mahaifi ba, farashi zai nema. Samo tsohon makanikin Fijo ya duba motar ya rubuta abin da aka sauya, ka ɗauki hotuna, ka karɓo farashin kayan 404 na asali a rubuce daga masu sayarwa. Ka adana saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi.

Daga nan ka aika masa takardar neman haƙƙi, ka ba shi wa'adi. Ni dai zan fara da shugabannin ƙungiyar makanikai ta garejin, sau da yawa kayan da aka ce sun ɓata a gabansu suke fitowa. In ya ƙi, sai ka kai ƙara kotu. Idan motar kake so da gaggawa, biya shi ragowar, amma ka rubuta a takarda cewa ka biya ne ba tare da ka yafe haƙƙinka ba, shaidu biyu su sa hannu.