Amsa ga ɗan'uwan da ke tambayar damina a Tailan

Ɗan'uwa, ka ce za ka sauka Bankok a watan Satumba, ka kama ɗakin ajiye kaya wajen Rangsit, a arewacin birnin, kana tambaya ko ruwan can ya kai yadda ake faɗa. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, domin a unguwar nan jarina ya nutse a 2011.

Daminarsu daga tsakiyar Mayu take har Oktoba, kuma ƙarshenta ne mai haɗari. Ruwan da ke zuba a kanka da sauƙi. Abin tsoro shi ne wanda ya sauka a duwatsun arewa, ya biyo kogin Ping da na Nan, suka haɗu a garin Nakhon Sawan suka zama kogin Chao Phraya, sannan ya bazu a fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Ita kanta Bankok kusan mita ɗaya da rabi kawai ta ɗara teku. To ina ruwan zai nufa?

Sau uku ina tambayar mai gidan da na kama haya ko ruwa na shigowa unguwar. Sai ya yi murmushi ya ce "mai pen rai", wato ba komai. Ashe shi tuni ya kai motarsa kan gadar sama ya ajiye, iyalinsa kuma ya tura su ƙauye. Ni baƙo, ban san garin ba, ya bar ni da dilolin riguna da takalma a ɗakin ƙasa. A watan Oktoba ruwa ya shigo, rana tsaka, babu ko hadari a sama. Da farko a idon sawu, kafin in ankara ya kai ƙirji, baƙi ƙirin, ga wari. Ina tsaye a matakala ina kallon kwalayena suna narkewa, wani ƙaton guza ya ɗare kansu yana zaro harshe. Kuɗin mutane ne fa, na ƴan kasuwa da suka amince da ni. Da na kira mutumin nan bai ɗauka ba, kuɗin ajiyata ma har yau bai dawo da shi ba. Filin jirgin Don Mueang na Bankok kansa sai da aka rufe, mutum sama da 800 suka rasu a faɗin ƙasar. Allah Ya isa kawai nake cewa.

Don Allah ka kama bene. Kafin ka biya, duba bango da kyau, ruwa yana barin zane. Ka riƙa kakkaɓe takalmi kafin ka zura ƙafa, macizai na neman tudu, kuma a shekarar har kadoji sun kuɓuce daga gonakin kiwonsu. Sauron zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba zai wadatar ba.

Daga baya na je Ayutthaya, tsohon babban birninsu da sojojin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) suka rusa a 1767. Koguna ne suka kewaye shi, kuma a ƙauyukan gefe na ga gidajen katako bisa dogayen turaku, kwalekwale a ƙarƙashi. Kakanninsu sun san halin ƙasarsu, shinkafar da muke saye ma wannan ruwan ne ke raya ta. Akwai masallatai a can, ka je ka yi salla.

In tafiyar za ta ɗagu, bari sai Disamba ko Janairu, lokacin iska ta yi sanyi. Afrilu kuwa zafi ne mai gumi, rigar da ka sa da safe kafin azahar ta jiƙe sharkaf.