Ku Tambaya, Mu Amsa: Tattaki a Turbar Daji da Gonaki

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan tattaki a hanyoyin ƙafa da ke zagaye ƙauye, ta cikin daji da gefen gonaki. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne za mu bi wata turba mai tsawon kilomita 12, ta ratsa daji da gonaki ta dawo ƙauye. Awa nawa za mu ware, kuma ruwa nawa za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Babban mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce. Akwai lissafin da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, kuma har yau masu tattaki na aiki da shi: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa 1 ga kowane hawa na mita 600. Idan turbarku tana da hawa na mita 150, lissafin zai ba ku kusan awa 2 da minti 40. Sai dai wannan tafiya ce zalla, babu hutu a ciki, babu yashi, babu taɓo, babu tsayawa duba hanya. Ku ware awa 4, kuma ku auna da ƙafar wanda ya fi kowa jinkiri a cikinku, don shi ne zai ja ragamar tafiyar ko kun so ko kun ƙi.

Abin da ya fi tsawon hanya muhimmanci shi ne lokacin juyowa. Tun kafin ku fita, ku duba ƙarfe nawa rana za ta faɗi, ku tsara ku iso gida da saura awa 2. Ku tsayar da lokaci guda, ku yi alkawarin cewa idan ya cika ba ku kai rabin hanya ba, za ku koma ta inda kuka fito. Cikin kurmi duhu yana riga fili shigowa, domin ganye yana tare hasken da ya rage. Idan babu agogo, ka miƙe hannu sosai, ka jera yatsunka a kwance tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. Kowane yatsa kusan minti 15 ne, yatsu huɗu awa guda ke nan.

Ruwa kuwa, rabin lita a awa ga kowane mutum idan da sanyi-sanyi, ya kai lita 1 idan rana ta take. Wato aƙalla lita 2 kowa. Kada ku dogara da rafin da ya biyo ta gonaki. Tafasa ruwa na minti 1 yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire maganin feshi da takin zamani da ruwan sama ya wanko.

Tambaya: Na taɓa shiga daji turba ta rabu gida uku, na rasa wadda na biyo. Me ya kamata mutum ya yi?

Amsa: Malama, ɓata yakan fara ne tun a mararrabar da aka wuce ba a waiwaya ba. Hanya tana sauya kama idan an fuskance ta daga baya. Don haka duk inda turba ta rabu, ki yi taku kaɗan ki juyo, ki kalli wurin yadda za ki gan shi a dawowa: kututturen da ya ƙone a dama, suri a hagu, itacen da ya karkata. Ki ɗauki hotonsa da waya in da hali.

Idan kuma ɓatan ya riga ya faru, ki tsaya cak. Mai firgita yakan ƙara sauri, saurin kuma yana ƙara nisanta shi da wurin da ya sani. Ki zauna, ki sha ruwa, ki tuna alama ta ƙarshe da kika tabbatar da ita da kuma minti nawa kika yi daga can. In bai wuce minti 10 ko 15 ba, ki bi sawunki ki koma. Kada ki yanke ta cikin ciyawa da sunan gajerar hanya, kuma ki yi hattara da turbar dabbobi, wadda takan fara a fili sannan ta tsuke ta ƙare a ƙaya ko bakin ruwa.

Wayar zamani tana iya nuna inda kike ko babu sabis, domin daga tauraron ɗan'adam take karɓar saƙon, amma sai kin sauke taswirar yankin tun a gida. Neman sabis a daji yana cinye batir, saboda haka ki sa ta a yanayin jirgin sama. A taswirar takarda mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 kilomita 1 ce a ƙasa. Ki riƙe usur. Busa uku a jere alamar neman taimako ce, kuma ƙararsa ta fi ihu nisa. Sannan kada ki fita sai kin gaya wa wani hanyar da za ki bi da lokacin da za ki dawo.

Tambaya: Turbar ta bi ta inda shanu ke kiwo. Yaya ake wucewa lafiya?

Amsa: Ka tsaya daga nesa ka duba ko akwai maruƙa. Saniya mai jego ita ce abin tsoro, kuma kuskure mafi muni shi ne shiga tsakaninta da ɗanta. Ka zagaya garken da tazara mai yawa, a natse, ba gudu, ba hayaniya. In sun biyo ka, yawanci son gani ne. Ka ci gaba da tafiya kana lura da su ta gefen ido. Idan kana tare da kare suka taso masa, ka saki igiyarsa, ya fi ka gudu. In akwai makiyayi, ka yi masa magana ya nuna maka ta inda za ka bi.

A gona kuma, ku bi gefe, ɗaya bayan ɗaya, kada a taka kunya ko shuka. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, a buɗe ko a rufe, mai gonar ya san dalilinsa.

Tambaya: Kullum na yi doguwar tafiya sai ƙafata ta yi bororo. Laifin takalmi ne?

Amsa: Gogayya da danshi ne suke haɗuwa. Safar auduga tana riƙe gumi, fata ta yi laushi, takalmi ya murje ta. Ka nemi safar ulu ko ta roba mai saurin bushewa, ka ɗauki ta canji. Takalmi a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa, kuma kada sabon takalmi ya fara aiki da doguwar hanya. Da zarar ka ji wani wuri ya ɗau zafi, ka zauna ka manna filasta tun kafin ruwa ya taru. Ƙaramin bororo kada a fasa shi. Babba mai hana taku a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar ta rufe wurin.

Tambaya: Ina tsoron maciji da kaska saboda yarana. Me zan yi idan tsautsayi ya faɗa?

Amsa: Hajiya, ki sa musu dogon wando da rufaffen takalmi, a tura ƙafar wandon cikin safa. Su bi tsakiyar turba, kada su sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, kuma kada su tsallake gungume ba tare da ganin bayansa ba. In maciji ya sari yaro, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. Waɗannan ba sa fitar da dafi, sai ƙarin lahani. A cire zobe ko munduwa kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi, ba ya taka da ƙafarsa ba, a garzaya asibiti. Ki riƙe lokacin da abin ya faru, likita zai tambaya.

Kaska kuwa a duba ta bayan an dawo: bayan kunne, cikin gashi, hammata, bayan gwiwa. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja ta a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Idan zazzaɓi ko jan ƙurji ya biyo baya a makonnin da ke tafe, a kai yaron asibiti a faɗa wa likita ranar da aka cire ta.