Shin jariri mai shan nono yana buƙatar ruwa da zuma kafin wata shida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗauke da cikin fari na wata takwas, kuma burina shi ne in raini abin da zan haifa ta hanyar da ta fi dacewa da halitta, ba tare da yawan ɗura masa magunguna ba. A wajen awo an ce mana nono zalla za mu ba jariri har wata shida, ko ruwa kada a ɗiga masa. Amma manya a gida sun ce wannan zalunci ne a lokacin zafi, sun kuma ce nonon farko mai kauri ba shi da kyau, a tatse shi a zubar, a riƙa ba yaro ruwa da 'yar zuma kafin nono ya kawo. Ni kuwa gani nake ruwa da zuma ai ba su da illa. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa. Na ji daɗin wannan tambaya, domin burin da kika ambata da shawarar da aka ba ki a wajen awo abu guda ne: babu wata hanya ta rainon jariri da ta fi kusa da tsarin halitta kamar a bar shi da nonon uwarsa shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da wa'adin wata shida tun shekarar 2001, kuma ita da UNICEF sun haɗu a kan cewa a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, a ba shi nono zalla wata shida, sannan a haɗa masa da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

Bari in fara da nonon farko, wato dakashi, saboda shi ne abin da idan aka yi asararsa ba ya dawowa. Kaurinsa da launinsa na ruwan ɗorawa ba alamar lalacewa ba ce; sinadaran garkuwar jiki ne da bitamin A suka yi yawa a cikinsa. Idan jariri ya haɗiye shi, waɗannan sinadarai suna shafe cikin hanjinsa, su hana ƙwayoyin cuta samun wurin kamawa, a daidai lokacin da ya fito daga mahaifa inda babu abin da ya taɓa shiga bakinsa sai ruwan da yake kwance a ciki. Dakashi kuma yana taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko mai danƙo, kuma fitarsa da wuri tana rage tsananin shawarar da kan kama jarirai a kwanakin farko.

Abin da ya fi tayar wa sababbin iyaye hankali shi ne ƙarancinsa. Uwa za ta matsa nono ta ga ɗigo biyu ko uku sun taru a kan nonon, sai ta ce yaronta zai kwana da yunwa. Amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 ba a sha ɗaya, wato cikin cokalin shayi da 'yan kai. Na sha tsayawa a kan uwar da aka ɗora wa jaririnta a ƙirji, fata da fata, an lulluɓe su da zane ɗaya: sai ka ga yaron ya huta na ɗan lokaci, ya fara tsotsar hannunsa, yana jujjuya kai yana buɗe baki, har ya lalubo nonon da kansa. Tsotson nan nasa shi ke sa jikin uwa ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke turo nono kuma yake matse mahaifa ta rage zubar jini. Shi ya sa za ki ji ciwon mara yayin shayarwa a kwanakin farko, kuma kada wannan ya firgita ki. Cikakken nono yakan kawo tsakanin kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma yawan tsotso ne ke gaggauta shi. Duk cokalin ruwan da aka ba yaro a wannan tsakanin yana rage masa ƙwazon tsotsa, nonon kuma ya ƙara jinkiri.

Game da ƙishirwa, ina ganin manyan da suka yi miki magana tausayi ne ya sa su, don haka ki saurare su da ladabi, amma ki bayyana musu abin da zan faɗa miki. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Idan yaro ya kama nono, abin da ya fara zubowa yana da tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa, sannan a hankali ya riƙa yin kauri da maiƙo har zuwa ƙarshen shan, wanda shi ke ƙosarwa. A lokacin zafi za ki lura jariri yana neman nono a kai a kai, ya ɗan tsotsa ya saki. Ruwansa yake sha ke nan. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, ke kuma ki sha ruwa sosai.

Ruwa kuwa, ko da an dafa shi, yana cika ɗan ƙaramin cikin yaro da abin da ba ya gina jiki. Idan ba mai tsabta ba ne, ko ƙoƙon da cokalin ba su wanku ba, gudawa ce za ta biyo baya, ita kuwa gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a duniya. Akwai kuma haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da ruwa mai yawa ba, don haka idan aka cika masa ruwa, gishirin jininsa yakan tsinke, yaro ya yi laushi, har ya kai ga jijjiga.

Zuma abinci ce mai albarka ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya, amma ga wanda bai kai wata 12 ba, haɗari ce. Takan ɗauke da ƙwayoyin wata cuta da ake kira botulizim, waɗanda hanjin babba ke hana su tsiro, amma a hanjin jariri sai su tsiro su saki dafin da ke kashe ƙarfin jijiyoyi. Yaro yakan fara da rashin yin kashi, kukansa ya yi rauni, ya kasa tsotso, wuyansa ya saki, wani lokaci har numfashi ya gagare shi. Cutar ba ta da yawa, amma lasa ɗaya ta isa ta jawo ta, kuma tsabtar zumar ko dafa ta a gida ba ya kawar da haɗarin. Haka nan jiƙe-jiƙen ganye da saiwa: kasancewar abu ya fito daga tsiro bai sa hantar jariri ta iya ɗaukarsa ba.

To, ta yaya za ki san nonon yana isar sa? Ki duba kamun nonon tukuna, domin a nan mafi yawan matsala take. Ki juyo da jikin yaron gaba ɗaya ya fuskance ki, cikinsa a manne da naki, ki taɓa leɓensa na sama da kan nono, ki jira ya wage baki sosai kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki. Idan ya kama daidai, haɓarsa za ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta sama, kuma za ki ji yana haɗiya a natse. Idan kan nonon kaɗai ya kama, zai tsage miki shi, shi kuma bai ƙoshi ba. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake gwadawa. Jariri yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, kuma shan dare yana da muhimmanci saboda a lokacin ne sinadarin da ke samar da nono ya fi yawa. Daga kwana na biyar, idan yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye da fitsari mai haske, ruwan jikinsa ya wadata. Raguwar nauyi kaɗan a kwanakin farko abu ne da aka saba gani, kuma yakan mayar da shi cikin kwana 10 zuwa 14.

Akwai inda zan ja hankalinki, tun da kin ce ba ki son yawan magani. Nono zalla bai hana allurar rigakafi ba, bai hana maganin da likita ya rubuta ba, ko ruwan gishiri da sukari idan ma'aikacin lafiya ya umarta a ba shi. Ke ma kada ki ajiye ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a wajen awo, domin macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ba ta jure zubar jinin haihuwa. Kuma idan jaririn ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko yana numfashi da sauri har sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi ruwan ɗorawa, ko ya yi jijjiga, to ki kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Tun da saura 'yan makonni, ki yi magana da maigidanki da wadda za ta raka ki wajen haihuwa tun yanzu, su san cewa kina so a ɗora miki jaririn a ƙirji da zarar an goge shi, kuma kada kowa ya sa masa wani abu a baki. Idan haihuwar ta zo da tiyata, ki nemi a taimaka miki a sa shi a nono da zarar kin farfaɗo. Idan kuma an kwantar da shi a ɗakin jarirai, ki tatsi dakashin da hannu a cikin ƙoƙo mai tsabta, ma'aikatan jinya su ba shi.