Yadda muka nemi aiki kafin intanet

Ɗana, ka tambayi yadda muke neman aiki a Bauchi kafin zuwan intanet. Jarida ce idonmu. Mutum ɗaya zai sayi New Nigerian, mu biyar mu duƙufa kan shafin talla a teburin mai shayi a Wunti. In ka ga gurbi, sai ka rubuta takarda da hannunka ko ka biya mai tafireta, ka manna kan sarki, ka jefa a gidan waya. Wasu kuma kullum suna sakatariya suna leƙen allon sanarwa.

Jiran ne wahala. Ni wasiƙar kirana intabiyu ta akwatin gidan waya na kawuna ta zo. Ya cusa ta aljihun babbar riga ya manta, sai da mai wanki ya tsinto ta, ranar ta wuce da mako guda.