Kai kumatu ka kalla, ni kunne na kalla

Ka turo mini saƙo bayan mun rufe shago, wai: "Masta, matar nan mai ramukan ƙuraje a kumatu ta zo da kuɗinta cif, me ya sa ka ƙi yi mata aikin allura? Ba irinsu ne aikin ya fi yi wa amfani ba?" Da wani ne, da na ce ya je ya tambayi TikTok, tunda can ne malaminku yanzu. Amma ka fama mini wani tsohon miki, don haka saurara.

Kai kumatu ka kalla, ni kunne na kalla. A kunnenta na hagu, inda aka yi hujin ɗankunne na biyu, akwai tudun nama mai sheƙi. Kiloyid ke nan. Aikin allurar nan da ake kira maikironidilin gaba ɗayansa rauni ne da gangan: ƙananan allurai su huda fata, jiki ya ga an ji masa ciwo, ya tashi gyara, ya saƙa sabon kolajin, wato zaren naman da ke riƙe fata, ramin ya riƙa cikowa a hankali. Mai kiloyid jikinsa bai san inda ake tsayawa da gyaran ba, kuma abin ya fi yawa a cikinmu baƙar fata. Jikin da ya mayar da huji ɗaya tudu, shi za ka yi wa huji dubbai a fuska? Na ce ta je asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi ta ga likitan fata. Mahaifina wanzami ne a Aboabo, bai taɓa jin kalmar kolajin ba har ya koma ga Allah, amma ba ya buɗe zabira sai ya duba tsohon tabo a jikin mutum ya ga yadda ya warke.

Wanke fuska, man kashe zafi, safar hannu, sabon kan allura ga kowane mutum a buɗe shi a gabansa saboda ciwon hanta da sauransu, ba zan ɓata bakina a kan waɗannan ba. Wanda bai san su ba ya koma sayar da katin waya.

Abin da ya sa nake duba mutum kamar ɗan sanda, wata Hajiya ce ta koya mini. Uwar amarya ce, saura 'yan watanni bikin 'yarta, ta zo wai tana so ranar biki a rasa gane wace ce amaryar. Fata ta ɗan saki a gefen baki, ga layuka a goshi, irin na shekaru. Na yi mata tambayoyin da nake yi wa kowa. Ciwon sukari? Babu. Maganin tsinka jini? Babu. Ƙurajen zazzaɓi masu fitowa a leɓe? Babu. Man bilicin fa, Hajiya? Ta dafa ƙirji ta ce wallahi haka Allah ya yi ta, duk danginta farare ne, man kaɗanya kawai take shafawa. Na kai ido gaɓoɓin yatsunta, inda asirin masu bilicin ke tonuwa, sai na tarar an rufe su da baƙin lalle har wuyan hannu. Wuya kuma mayafi ya naɗe shi. Babbar mace ta rantse maka da Allah, a Zango, za ka ce mata buɗe wuyanki in gani?

Muka yi ciniki zama uku, ta ba da kafin alƙalami, sauran wai sai an gama. Na bi ta a hankali, ban kai milimita 1 ba ko a kumatu. Na ce mata kada komai ya taɓa fuskar nan yau sai abin da na ba ta, kada ta shiga rana, daga baya kuma man kare rana kullum, mai lamba 30 ko sama. Ta ce to, Masta, to.

Ashe tana da wani haɗi a gida, wanda wata mai haɗa mai take dama mata a roba marar suna, wai na gargajiya ne zalla. Cikinsa maganin sitiroyid ne da haidirokwinon, sinadarin da ke sa fata haske. Shekaru tana shafawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta hana haidirokwinon a kayan shafa tun 2016, amma ka zaga kasuwar Kejetia ka gaya mini ko ya ɓace. Sitiroyid kuwa cinye fata yake yi, ta yi siriri, ta daina warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Fatar ta zama tsohon zane da ya sha wanki, ko da wace irin allura ka ɗinka sai ya yage. A daren da na yi mata aiki, ƙofofin fata a buɗe, ta lafta wannan haɗin don kada ta yi duhu kafin biki. Gari na wayewa ta shiga kasuwa sayen kayan ɗaki, rana a tsakar ka.

Da ta dawo ba ita kaɗai ta dawo ba. Ƙannenta biyu, da wata ƙawa riƙe da waya tana ɗaukar bidiyo. Fuska ta yi dabbare-dabbare baƙi ƙirin, gefen haɓa ya yi mugunya. Suka cika ƙofar shago, wai na ƙona ta da inji, wai allurar wani na sa mata. Ni da nake buɗe kan allura a gaban mutum! Kafin la'asar bidiyon ya zaga kowane zauren WhatsApp na mata daga Asawase har Sawaba. Aka kai magana gaban wani dattijon unguwa. Na ce a kawo duk abin da take shafawa a gani, ta fashe da kuka, wai bayan na ɓata mata fuska ina kuma yi mata ƙazafi. Dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗan wanzami, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Shi ke nan hukunci. Na mayar da kafin alƙalami, na biya asibiti da magani, sidi 1,800 suka fita daga aljihuna, miliyan 18 a lissafin tsofaffi masu ƙirga da tsohon kuɗi. Wannan ma ƙarami ne. Amare da suka ajiye rana suka janye ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin bukukuwa, sai da na sayar da injina na biyu na biya hayar shago.

Gaskiya ta fito, amma a makare. Likitan da ya duba ta kallo ɗaya ya yi ya tambaye ta wane mai take shafawa, kuma yarinyar gidanta ce ta faɗa wa matata labarin robar. Wa ya ɗauki bidiyon wannan? Babu. Har yau tana wucewa ta ƙofar shagon nan ta ce "Masta, ina gajiya," in ce "Babu gajiya, Hajiya," raina yana tafasa.

Shi ya sa ka ga ina sa mata su zo da duk robobinsu a leda, in sa Anti ta shiga da su ciki ta duba wuya da bayan kunne, in kuma sa su saka hannu a takarda. Ku kuna ganin tsufa ne ke damuna. Ku yaran yanzu kun sayi rola mai ƙananan allurai a Adum, kun kalli bidiyo biyu, kuna neman sunan da za ku sa wa shago. Kun ɗauka jini shi ne aiki, in fuska ba ta yi jina-jina ba kuɗi bai halatta ba. Goshi da gefen ido fata ce a kan ƙashi, rabin milimita ya ishe su. Kumatu mai ramuka zai iya ɗaukar 1 zuwa 1.5, kuma ɗigon jini ƙanana in sun bayyana, ka tsaya. Abin da ya kai 2 ko 2.5 na likita ne, ba naka ba, ba nawa ba. Likitoci ne ma suka fara aikin tun farko, irin su Desmond Fernandes na Afirka ta Kudu, a shekarun 1990, kuma sai 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da injin farko mai kamar biro, SkinPen. Mutane sun yi shekaru suna auna abin nan, kai kana so ka ƙware kafin Sallah.

Kuma ka daina yi wa mutane alkawarin da allura ba ta yi ba. Na ji ka rannan kana ce wa wani saurayi zama ɗaya zai share masa fuska. Da wane baki? Tsakanin zama da zama mako 4 zuwa 6 ne, mai tabon ƙuraje yakan buƙaci zama 3 zuwa 6, kolajin kuma watanni yake ɗauka yana ginuwa. Ramuka masu faɗi marasa zurfi su ne ke jin magana. Masu tsini, waɗanda suka nutse can ciki, da kyar suke motsi. Layukan tsufa ƙanana suna laushi, amma fatar da ta riga ta zubo allura ba ta ɗaga ta. Wanda ƙurajensa ke ɗanye kuwa a fara kashe ƙurajen, in ba haka ba ka kwashi cuta daga kumatu ka shuka a goshi. Shi saurayin nan naka ma ƙurajensa ɗanyu ne, na gani tun daga ƙofa.

Gobe ka kira shi ka janye maganarka da bakinka, ka ce ya dawo in sun bushe. Inji kuwa ba za ka taɓa shi ba wannan watan. Za ka zauna kusa da ni kana duba kunnuwa da yatsu, duk wanda ya shigo ka rubuta mini abin da ka gani kafin in yi magana.