Babanmu Ba Ya Tari In Ya Sha Koko, A Cire Masa Robar Hanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki kwana 10 ke nan. A asibiti sun sa masa roba ta hanci, sun hana a ba shi komai ta baki. Baffana ya faki ido ya ba shi koko da cokali, ya sha bai yi ko tari ba. Yanzu dangi sun dage a cire robar, wai wahalar da tsoho kawai ake yi. Tun jiya kuma jikinsa ya ɗau zafi. Hankalina a tashe yake.
Daga wata 'yar'uwa a Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, yau ɗin nan ki gaya wa likitocinsa zancen zazzaɓin, da na kokon. Kada kunyar Baffa ta sa ki ɓoye.

Cibiyar haɗiya tana gindin ƙwaƙwalwa, a medula. Cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, jijiya ta 9 da ta 10 ke kai mata labarin abin da ya iso maƙogwaro, ita kuma ta ba da umarni a rufe hanyar iska, jijiya ta 12 na juya harshe. Daga sama, ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa duk suna aiko mata da saƙo, sai dai ɗaya ya fi rinjaye. Shi ya sa in ciwon a sama yake, ɓarin da ya tsira kan karɓi aikin, da yawa haɗiyarsu ta dawo cikin 'yan makonni. In medular ce ta taɓu, abin ya fi jan lokaci.

Sai maganar da na gaji da ji: "ai bai yi tari ba." Tarin nan jijiya ce ke tayar da shi. Sai reshen jijiya ta 10 ya ji abu ya taɓa bakin hanyar iska kafin mutum ya ƙware. In jin ya mutu, koko zai gangara huhu, Baba yana kallon ku shiru, ku kuna hamdala. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi, numfashi sama-sama, murya kamar mai kurkurar ruwa. Ciwon huhu ke nan, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki. Wanda ke tari ma ya fi kwantar mini da hankali.

Abu mai ruwa-ruwa shi ya fi haɗari, don yana rigan murfin maƙogwaro sauka. Amma kullum sai wani ya zo da kwalbar tsimi daga mai magani a tasha, wai tana "buɗe wuya", a tallabe kan tsoho yana kwance a ɗura masa. Mai maganin ya karɓi sidinsa ya tafi, ba ya nan ranar da numfashi zai gagara. A yi addu'a, a yi tofi, rubutu a shafa masa a jiki, amma ban da ɗura. Robar kuma ba alamar mutuwa ba ce. Ta nan abinci da maganin hawan jininsa ke isa ciki kafin jijiyoyin su farfaɗo.

Ki nemi a sake gwada haɗiyarsa kafin a taɓa robar. A riƙa goge masa baki da haƙora safe da yamma, a ɗaga kan gadonsa lokacin ciyarwa da rabin awa bayanta. Ki kawo Baffa ya ji bayanin daga bakin likitan da kansa.