Amsa a kan sabunta direbobin kwamfuta: kada ka biya kowa ko sisi tukuna

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ƙirar HP, an sake ɗora mata Windows 10, amma ba ta fitar da sauti kuma ba ta ganin Wi-Fi, ga kuma wata manhaja da mai shagon ya saka maka tana ta fito da jan rubutu cewa direbobinka 17 sun tsufa, ka biya a sabunta su. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta a nan Garwa, kuma da wuya mako ya fita ba a kawo mini irin wannan ba. Shawarata ta farko ita ce ka cire wannan manhajar yau ɗin nan, domin direbobi biyu kawai kake nema, kuma dukansu kyauta ne.

Direba, wanda mu a nan muka fi sani da pilote saboda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na na'urar, kamar katin sauti, katin Wi-Fi, allo da firinta. Idan babu tafintan, sashen yana nan lafiya lau, sai dai Windows ba ta san yadda za ta yi masa magana ba. Abin da masu koyo ba su cika sani ba shi ne tsufan direba ba ciwo ba ne. Idan ka duba direbobin da Microsoft ke zubawa a cikin Windows, za ka tarar da yawansu suna ɗauke da kwanan wata 21 ga Yuni, 2006, kuma da gangan aka yi haka, domin duk lokacin da aka sami direban kamfanin da ya ƙera na'urar, Windows ta fifita shi. Kamfanin Intel ma yana rubuta 18 ga Yuli, 1968 a kan wasu nasa, wato ranar da aka kafa kamfanin. Irin waɗannan ranaku ne manhajojin nan ke nuna wa mutum su tayar masa da hankali.

Bara wata hajiya mai shagon buga takardu ta aiko mini da kwamfutarta a daidai lokacin da ɗalibai ke rububin haɗa takardun jarrabawa. Ɗanta ne ya ga jan rubutu ya danna a sabunta komai gaba ɗaya. Da aka sake kunna ta sai allo ya yi shuɗi, da ta samu ta tashi kuma firinta ta ƙi amsawa, alhali da safiyar ranar babu abin da ke damunta. Tun azahar nake kanta har aka kira isha'i, ina mayar da direbobi ɗaya bayan ɗaya, saboda ba wanda zai iya gaya mini wanne ne daga cikinsu ya kawo ɓarnar.

Yanzu ga naka aikin. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta devmgmt.msc, sai Gestionnaire de périphériques, wato jerin duk sassan na'urar, ya buɗe. Duk inda ka ga alamar kusurwa uku mai ruwan ɗorawa da alamar motsin rai a ciki, nan ne matsalar take, kuma ina kyautata zaton za ka same su ƙarƙashin Autres périphériques. Ka leƙa Cartes graphiques kuma: idan ka ga an rubuta Carte vidéo de base Microsoft, to direban allo ma bai shiga ba, shi ya sa wasu ke kukan hasken allo ya ƙi raguwa ko bidiyo yana sarƙewa.

Tunda babu Wi-Fi, jona wayarka ta Android da kebul na USB, ka kunna raba intanet ta kebul a cikin saitin wayar. Windows 10 tana gane wannan ba tare da an saka mata komai ba. Kafin ka taɓa wani abu, rubuta point de restauration a wurin bincike ka ƙirƙiri guda ɗaya, aikin minti biyu ne, kuma shi ne hanyarka ta komawa idan abu ya ɓaci. Daga nan ka shiga Windows Update ka nemi sabuntawa, sannan ka buɗe Afficher les mises à jour facultatives, inda direbobi ke jere. Ka zaɓi na sauti da na Wi-Fi kawai. Ka sayi data mai ɗan kauri kafin ka fara, domin Windows za ta so ta jawo nata kayan tare, kuma direban allo shi kaɗai yakan haura mega 500.

Idan Windows Update ba ta kawo su ba, sai shafin HP kansa. Juya kwamfutar ka karanta lambar samfurin da ke jikin takardar ƙasanta. Idan zafi da gumi sun goge ta, kamar yadda suke yi wa yawancin na hannun da ake kawo mana daga Duwala, rubuta msinfo32 a wurin bincike za ka ga sunanta cikakke, tare da ko Windows ɗinka mai 64 ce ko mai 32. Kada ka tsaya a kan babban suna irin “ProBook” kawai, domin samfuri ɗaya yakan zo da katin Wi-Fi na Intel, wani na Realtek, wani na Broadcom. Hanyar da nake bi in tabbatar ita ce in danna dama a kan na'urar mai alamar ruwan ɗorawa, in shiga Propriétés, sannan Détails, in zaɓi Numéros d'identification du matériel. Lambobi huɗun da ke bin VEN su ne sunan kamfanin: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C kuma Atheros. Idan ka tarar ba biyun nan kaɗai suka ɓace ba, ka fara saka direban chipset, wato mai haɗa sassan katin uwa, sai na allo, sai sauran, kana sake kunna kwamfutar bayan kowanne, domin idan wani ya kawo cikas ka san mai laifin. Maganinsa yana shafin Pilote na wannan na'urar, maɓallin Restaurer le pilote. Idan ka gan shi a dushe, yana nufin babu tsohon direban da za a koma masa, sai dai ka cire sabon.

A shafin na HP za ka ga BIOS a cikin jerin, kuma ina roƙonka ka tsallake shi. Ba direba ba ne, manhaja ce da ke tayar da kwamfutar kafin Windows, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubuta shi, kwamfutar na iya ƙin tashi kwata-kwata. Ni kaina na taɓa yin wannan ganganci a farkon sana'ata, cikin zafin watan Afrilu, a kan kwamfutar tebur ta wani bawan Allah, ba tare da na jona ta da onduleur, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ba. Saura kaɗan a gama aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ni ma numfashina ya tsaya. Da kuɗin aljihuna na saya masa wani katin uwa. Na hannu kuwa galibi batirinsu ba ya riƙe wuta ko ta minti goma, don haka hatsarin ɗaya ne.

Wani abu a gefe: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan ba zai hana direbobinka aiki ba, amma maganar tsaro ce da ya kamata mu buɗe mata nata zaren daban.

Idan ka kammala komai ya daidaita, kwafe fayilolin da ka sauke ka adana su a kan kile USB, ka rubuta sunan samfurin a jikin babban fayil ɗin, domin ranar da za a sake ɗora Windows ba sai ka sake ƙona data ba. Idan kuma ka maƙale a wajen lambobin, ɗauki hoton layin da ya fara da PCI\VEN ka turo nan, zan duba bayan sallar magariba in Allah ya yarda, in gaya maka wanne za ka sauke.